Filadelfiya: tikitin dala ɗaya zuwa ɗakin da aka ƙulla tarayyar Amurka

A tsakiyar birnin Filadelfiya da ke jihar Pennsylvania akwai wani dogon fili mai ciyawa da ya tashi daga titin Chestnut ya miƙe arewa har ya tsallake titin Arch. A bakinsa na kudu ga tsohon ginin jan bulo, Independence Hall, inda aka rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a 1787. A bakinsa na arewa kuma ga National Constitution Center, cibiyar zamani da aka gina domin yi wa jama'a bayanin wannan kundi. Tafiyar ƙafa tsakaninsu ba ta wuce minti goma ba. Ga ɗalibin kimiyyar siyasa, ko lauya, ko ɗan jarida, ko ɗan majalisar da aiki ya kai shi New York ko Washington, wurin ya cancanci a ware masa yini guda. Sai dai a tafi da sanin abu ɗaya: wuraren biyu sun iya ba da labarin yadda aka haɗa jihohi aka yi tarayya, amma labarin yadda jam'iyyu suka samo asali sun bar shi a baya. Mai son wannan sai ya nufi wani ƙaramin gini na uku da ke gefe, wanda baƙi da yawa ke wucewa ba su leƙa ba.

Zuwa wurin ba wuya. Jirgin ƙasan Amtrak daga New York kan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi, daga Washington kuma kamar awa biyu, ya sauke mutum a tashar 30th Street. Daga nan a shiga jirgin cikin gari na layin Market-Frankford a sauka a tashar 5th Street, wadda ke bakin filin. Independence Hall na hannun hukumar gwamnatin tarayya mai kula da gandun daji da wuraren tarihi, don haka shiga kyauta ce, amma a galibin watannin shekara sai da tikiti mai ɗauke da lokaci. Ana yankarsa a shafin recreation.gov, a biya dala 1 kuɗin hidima kan kowane tikiti. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya iso da rana tsaka a lokacin hutun bazara yana zaton zai samu a ƙofa. Gurbin kowane zagaye ƙayyadadde ne, kuma makarantu kan kwashe shi tun da wuri. A yanka tun kwanaki kafin tafiya, a zaɓi na safe. A iso rabin awa kafin lokacin, domin akwai binciken tsaro irin na filin jirgi, a ajiye jaka a na'ura, a fitar da abin da ke aljihu. Babu banɗaki a cikin harabar da aka killace, saboda haka mai buƙata ya fara biyawa ta cibiyar karɓar baƙi da ke mahaɗar titin 6th da Market. Ƙa'idar tikiti takan sauya da yanayin shekara, ya kamata a duba shafin hukumar ana gobe za a je.

Akwai wata matsala da ba ta da alaƙa da tikiti, wadda ita kanta darasi ce kan abin da aka zo gani. Idan jam'iyyu biyu suka gaza daidaitawa kan kasafin kuɗi a majalisa, gwamnatin tarayya kan tsayar da ayyukan da ba na dole ba, ma'aikatan wannan hukuma kuma suna cikin waɗanda ake sallama gida. A watan Oktoban 2013 an yi kwana 16 a haka, an garƙame Independence Hall. Daga ƙarshen 2018 zuwa Janairun 2019 an yi kwana 35. Shekarar kasafin Amurka na farawa ranar 1 ga Oktoba, don haka wanda zai yi tafiya a wannan tsakani ya saurari labarai kafin ya sayi tikitin jirgi. Ita National Constitution Center ba ta gwamnati ba ce, ƙungiya ce mai zaman kanta, wannan rikici ba ya rufe ƙofarta.

Zagayen Independence Hall gajere ne, kamar minti ashirin. Jami'i mai faffaɗar hula zai tsayar da ku a ɗakin kotu na dā, sannan ya tsallaka da ku zauren da aka yi zaman. Abin da ya fi ba mutum mamaki shi ne ƙanƙantar ɗakin. Tebura ne ƙanana a jere, an lulluɓe su da koren ƙyalle, da alƙaluman gashin tsuntsu da kyandir a kai, kujerun katako a bayansu, dogayen tagogi a ɓangarori biyu. Ana tsayawa ne a bayan shinge, ba a shiga tsakanin teburan. Galibin kayan ɗakin na zamanin ne amma ba su ne ainihin waɗanda aka zauna a kai ba. Wanda aka tabbatar da shi shi ne kujerar da ke can gaba a kan ɗan dandamali, wadda George Washington ya zauna a kai yana shugabantar taron. A saman jinginarta an sassaƙa rabin rana da haskenta, an shafa mata ruwan zinariya. Daga inda baƙo ke tsaye da ƙyar ake ganinta, sai an nuna masa. A ranar rufe taro Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin wakilan, ya ce ya daɗe yana kallon wannan rana bai san ko fitowa take yi ko faɗuwa ba, amma yanzu ya gamsu fitowa take. Kusan kowane jami'i da wannan labari yake rufe bayaninsa.

Minti ashirin ba za su ishi bayanin abin da ya faru a ɗakin ba, shi ya sa gara mutum ya shiga da shi a ka. Kafin 1787 jihohi 13 na ƙarƙashin wata yarjejeniya da ta fara aiki a 1781. Majalisar tsakiya ba ta da ikon ɗora haraji, sai dai ta roƙi jihohi su aiko da kuɗi, su kuma su aiko ko su ƙi. Babu shugaban ƙasa, babu kotunan tarayya na dindindin, kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta komai girmanta, kuma ba a iya gyara yarjejeniyar sai dukkan 13 sun amince. Bashin yaƙin neman 'yanci ya taru ba mai biya. Da manoman da bashi ya yi wa katutu suka ɗauki makami a Massachusetts a 1786, gwamnatin tsakiya ba ta da rundunar da za ta tura. Wannan ne ya kawo wakilai 55 daga jihohi 12 zuwa wannan ɗaki daga ranar 25 ga Mayu zuwa 17 ga Satumba. Rhode Island ta ƙi turo kowa. Sun rufe tagogi duk da zafin bazara, suka yi alkawarin ba wanda zai fitar da magana waje.

Rigimar da ta kusa watsa taron ita ce ta rabon kujeru. Virginia, wadda ta fi kowa jama'a, ta kawo tsari ranar 29 ga Mayu cewa a yi majalisa biyu, duka a raba kujerunsu bisa yawan mutane. Ƙananan jihohi suka ga za a haɗiye su, sai New Jersey ta kawo nata ranar 15 ga Yuni, a ci gaba da ƙuri'a ɗaya ga kowace jiha. Aka yi ta ja-in-ja har 16 ga Yuli, ranar da aka amince da sulhun da wakilan Connecticut suka tsaya a kai: majalisar wakilai bisa yawan jama'a, majalisar dattawa kuma wakilci daidai wa daida ga kowace jiha. Jihohi biyar suka yarda, huɗu suka ƙi, wakilan Massachusetts suka rabu biyu. Da tazarar ƙuri'a ɗaya ke nan aka kafa ginshiƙin da har yau ya sa Wyoming, mai mutane ƙasa da dubu ɗari shida, take da sanatoci biyu daidai da California mai kusan miliyan 39. Mai karatu ɗan Nijeriya ya san wannan lissafi, domin shi ne ya sa Kano da Bayelsa kowacce ke da sanata uku, alhali a majalisar wakilai Kano na da kujera 24, Bayelsa na da 5.

Ɗaya cinikin kuma mai muni ne, kuma gwargwadon jami'in da aka samu ne za a ji shi dalla-dalla ko a taƙaice. Jihohin kudu sun so a ƙirga bayinsu wajen rabon kujeru duk da ba su da ƙuri'a ko 'yanci. Aka daidaita a kan kowane bayi biyar a ɗauke su a matsayin mutum uku, aka kuma hana majalisa haramta shigo da bayi kafin 1808. Wannan ya ƙara wa masu bayi kujeru a majalisa da nauyi a zaɓen shugaban ƙasa har zuwa yaƙin basasa. A mahaɗar 6th da Market, dab da ƙofar shiga wurin ƙararrawar nan mai tsaga da ake kira Liberty Bell, nan ne gidan da Washington ya zauna yana shugaban ƙasa, ya kuma ajiye bayi tara a cikinsa. Dokar Pennsylvania ta 1780 ta ce bawan da baƙo ya shigo da shi ya yi wata shida a jihar ya 'yantu, don haka ake fitar da su daga jihar kafin wa'adin ya cika, sannan a dawo da su. Ɗaya daga cikinsu, Ona Judge, ta gudu daga gidan a 1796. A tsaya a wurin. Wanda ya fahimci yadda dokar jiha ɗaya ta ci karo da abin da wata jiha ke kira dukiya ya fahimci rabin rikicin tarayyar Amurka na ƙarni na 19.

Yanzu ga ginin da ake wucewa. Da an fito daga Independence Hall, kafin a bar harabar, a dubi yamma. Congress Hall ne, ginin bene na jan bulo, ba a buƙatar tikiti dabam, ana shiga rukuni-rukuni tare da jami'i. A nan majalisar Amurka ta zauna daga 1790 zuwa 1800, lokacin da Filadelfiya ke riƙe da matsayin babban birni kafin a koma Washington. Majalisar wakilai a ƙasa, kujeru a jere kamar rabin da'ira. Majalisar dattawa a sama, ɗaki mai jajayen kujerun fata da darduma mai ɗauke da tamburan jihohi 13 na farko. Har zuwa 1795 dattawan a asirce suke zama, ba a barin jama'a su saurara. A gabashin harabar kuma ga tsohon ginin hukumar birni inda kotun ƙoli ta zauna daga 1791 zuwa 1800. A nan ta yanke a 1793 cewa mutumin wata jiha na iya kai jihar Georgia ƙara gaban kotun tarayya, jihohi suka fusata, aka yi wa kundi gyara na 11 don toshe wannan ƙofa.

Kundin da aka rubuta a 1787 bai ambaci jam'iyya ko sau ɗaya ba. Marubutansa sun ɗauki ƙungiyar siyasa a matsayin cuta. Amma shekara huɗu kacal bayan sa hannu, a wannan gini, cutar ta kama su. Alexander Hamilton, sakataren baitulmali, ya nemi a kafa bankin ƙasa mai jarin dala miliyan 10 da lasisin shekara 20. James Madison a majalisa da Thomas Jefferson a majalisar zartarwa suka ce kundi bai ba gwamnatin tarayya ikon kafa banki ba, abin da ba a rubuta mata ba kuwa na jihohi ne. Hamilton ya ce wanda aka ba ikon karɓar haraji da cin bashi an ba shi ikon samar da kayan aikin da zai yi hakan. Majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 39 da 20, masu ƙin kusan duk daga kudu, Washington ya sa hannu a Fabrairun 1791. Daga nan kowane ɓangare ya samu jaridarsa a birnin, ya fara tara magoya baya a jihohi. Masu son gwamnatin tsakiya mai ƙarfi suka zama 'yan Federalist, masu kare ikon jihohi suka zama 'yan Republican na Jefferson, waɗanda ba su ne jam'iyyar Republican ta yau ba. Abin lura, jam'iyyun farko na Amurka a kan tambayar tarayya suka rabu: ina ikon tsakiya ya tsaya, ina na jiha ya fara. Ginin bankin na nan a titin 3rd, tafiyar minti biyar.

Yarjejeniyar da John Jay, babban alƙalin ƙasa, ya ƙullo da Ingila ta ƙara rura wutar, dattawa suka amince da ita a 1795 da ƙuri'a 20 da 10, daidai kashi biyu bisa uku da ake buƙata ba ƙari. A Satumban 1796 Washington ya buga jawabin bankwanansa a wata jaridar birnin yana gargaɗi kan illar jam'iyyanci, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A farkon 1798, a daidai wannan zaure na ƙasa, Matthew Lyon na Vermont ya tofa wa Roger Griswold na Connecticut yawu a fuska. Bayan mako biyu Griswold ya rufe shi da duka da sanda, Lyon ya raro abin kama garwashi daga murhu ya rama. A shekarar ne 'yan Federalist suka yi dokar hukunta masu sukar gwamnati, aka ɗaure Lyon wata huɗu da tarar dala 1,000, mutanen mazaɓarsa kuma suka sake zaɓensa yana kurkuku. Jami'an wurin kan ba da wannan labari don a yi dariya, amma ya fi ƙarfin dariya: a shekarun nan ne ake gwada ko za a ɗauki ɗan adawa a matsayin abokin hamayya ko maci amanar ƙasa.

Tsarin zaɓen shugaban ƙasa ma jam'iyyu sun karya shi tun ba a je ko'ina ba. A asali kowane wakilin zaɓe, wato wanda jiha ta naɗa ya zaɓi shugaban ƙasa a madadinta, na jefa ƙuri'a biyu, wanda ya zo na ɗaya ya zama shugaba, na biyu mataimaki. A 1796 John Adams ya samu 71, Jefferson 68, sai ga shugaba da mataimaki daga jam'iyyu masu gaba da juna. An rantsar da Adams a Congress Hall a Maris 1797. A 1800 kuma wakilan jam'iyyar Jefferson duk suka jefa wa shi da abokin takararsa Aaron Burr, aka yi kunnen doki, 73 da 73. Sai da majalisar wakilai, wadda a lokacin ta riga ta koma Washington, ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin ta ba Jefferson a Fabrairun 1801. Gyara na 12 a 1804 ya raba ƙuri'ar shugaba da ta mataimaki. Wato kundi ne ya sunkuya wa jam'iyyu ba tare da ya kira sunansu ba.

Daga nan sai a gangara arewa zuwa National Constitution Center, lamba 525 a titin Arch, lambar da aka zaɓa don ta dace da ranar buɗe taron, 25 ga wata na 5. An buɗe ta ranar 4 ga Yulin 2003. Nan ana biyan kuɗin shiga, kuma ba kowace rana ta mako take buɗewa ba, a duba shafinta. A ware mata awa biyu zuwa uku. Abin da ya fi komai armashi a cikinta shi ne zauren masu sa hannu: mutum-mutumin tagulla 42 daidai tsayin mutum, 39 da suka sa hannu da uku da suka zauna har ƙarshe suka ƙi, wato George Mason, Elbridge Gerry da Edmund Randolph. Babu shinge, ana ratsawa tsakaninsu. Washington ya zarce kusan kowa tsayi, Madison ɗan ƙarami a kusa da shi, Franklin a zaune da sandarsa, hannunsa ya yi ƙyalli saboda yawan taɓawa. An ware mutum ukun nan gefe guda, wannan kuma tunani ne mai kyau, domin ƙorafin Mason na rashin jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa shi ne ya dawo ya zama gyare-gyare goma na farko a Disamban 1791, na goma a cikinsu yana cewa ikon da ba a ba tarayya ba ya rage ga jihohi ko ga jama'a. Wanda ba ya son kusantar mutum-mutumi zai iya tsallake zauren bai rasa wani bayani ba.

Ɓangaren yaƙin basasa da gyare-gyaren da suka biyo baya, wanda aka buɗe a 2019, shi ne mafi nauyi a cibiyar ga mai nazarin tarayya. A nan ake ganin yadda gyara na 14 na 1868 ya juya alƙiblar: a dā tsoron gwamnatin tsakiya ake, yanzu ita aka ɗora wa kare ɗan ƙasa daga zaluncin jiharsa. Akwai kuma ɓangaren samun ƙuri'ar mata a 1920 da na 'yancin faɗin albarkacin baki da addini. Wasan gabatarwa da ake yi a zauren da'ira, na ƙasa da minti ashirin, yabon kai ya fi yawa a cikinsa. Wanda lokaci ya ƙure masa ya bar shi.

Gazawar cibiyar biyu ce. Ta farko, an gina ta a kan rubutun kundi, jam'iyyu kuwa ba sa cikin rubutun, don haka sai dai su leƙo su koma. Baƙo zai iya fita bai samu amsar tambayar da ta fi damun ɗan wata ƙasa ba: me ya sa jam'iyyu biyu kawai? Amsar na cikin ƙa'idar zaɓe. Kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, a galibin jihohi wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka ko bai kai rabi ba. A zaɓen shugaban ƙasa kuma, ban da Maine da Nebraska, wanda ya ci jiha ya kwashe dukkan wakilanta, ana neman 270 cikin 538. A 1992 Ross Perot ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari na ƙuri'un ƙasa bai samu wakili ko ɗaya ba. Masanin Faransa Maurice Duverger ya bayyana wannan alaƙa tun shekarun 1950. Ƙari a kan haka, jihohi ne ke tsara dokar shiga takara da zaɓen fidda gwani, babu hukumar zaɓe ta ƙasa guda da ke gudanar da zaɓe, saboda haka kowace babbar jam'iyya tamkar gamayyar jam'iyyun jihohi 50 ce. Tarayya ce ta ba jam'iyyun siffarsu. Jam'iyyar Democrat ta ginu a kewayen Andrew Jackson a zaɓen 1828, 'yan Whig suka taso don adawa da shi bayan ya hau kujerar na ƙi kan sabunta lasisin bankin ƙasa na biyu a 1832, ginin wannan banki ma na titin Chestnut. Jam'iyyar Republican ta yau an kafa ta a 1854 kan hana bauta yaɗuwa, kuma babban taronta na farko na tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa a Filadelfiya aka yi shi a Yunin 1856. Duk waɗannan suna cikin tafiyar ƙafa daga ƙofar cibiyar, amma ba wanda ya ɗinke su ya zama zagaye guda.

Gazawa ta biyu, cibiyar ba ta cika waiwayar waje ba. Switzerland ta zama tarayya a 1848. Kanada ta bi a 1867, kuma da gangan ta bar ragowar iko a hannun tsakiya bayan ta ga yaƙin basasar maƙwabciyarta. Ostireliya ta zo a 1901. Jamus ta 1949 ta yi majalisar jihohi wadda gwamnatocin jihohi da kansu ke zama a ciki, yau kowace da ƙuri'a uku zuwa shida, ta kuma haɗa da zaɓen rabon kujeru bisa kason ƙuri'a, abin da ya sa gwamnatin haɗin gwiwa ta zama ruwan dare a can. Allo ɗaya na kwatance da ya ishi baƙo ya gane cewa tarayya ba dole sai da jam'iyyu biyu ba.

Ga ɗan Nijeriya wannan kwatance ne ribar tafiyar. Tarayyar Nijeriya ta fara a 1954 da yankuna uku, kowanne da jam'iyyar da ta mamaye shi: NPC a Arewa tana fama da adawar NEPU, AG a Yamma, NCNC a Gabas. Kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya ɗauko tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, wanda ya fara aiki a 1979, amma a kan jam'iyyu ya yi akasin abin da aka yi a Filadelfiya. Su can sun yi shiru a kai, mu nan aka rubuta su cikin kundi aka gindaya musu sharuɗɗa don kada su sake zama na yanki. Kundin 1999 ya riƙe wannan: ba mai tsayawa takara sai ta jam'iyya, hedikwatarta a Abuja, shugabanninta daga aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi, ɗan takarar shugaban ƙasa kuma sai ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Wannan ƙa'ida ce ta haifi shari'ar 1979, lokacin da jihohi ke 19, kashi biyu bisa ukunsu kuwa ya zarce 12 bai kai 13 ba, Alhaji Shehu Shagari ya samu rubu'i a 12, a Kano kuma ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari, kotun ƙoli ta tabbatar masa da nasara. A 1989 ma gwamnatin Babangida da kanta ta ƙirƙiri SDP da NRC. Wani bambancin shi ne jihohin Amurka na farko sun riga tarayya wanzuwa, su suka miƙa mata wani ɓangare na ikonsu, suka riƙe 'yan sandansu da kotunansu da harajinsu. Jihohin Nijeriya kuwa, daga 12 a 1967 zuwa 36 a 1996, gwamnatocin soja ne suka yanka su daga sama, rundunar 'yan sanda ɗaya ce, kuma yawancinsu da kason wata-wata daga asusun tarayya suke rayuwa. Duk mai muhawara kan 'yan sandan jihohi ko sake fasalin ƙasa zai amfana da ganin inda samfurin ya fito da abin da aka bari a can ba a ɗauko ba.

Wanda ba shi da halin tafiya bai yi asarar komai da komai ba, domin mafi amfanin aikin cibiyar yana intanet kyauta, a shafin constitutioncenter.org, ƙarƙashin sunan Interactive Constitution. An fara shi a 2015. A kan kowane babban sashe na kundin an ɗauko masana biyu masu saɓanin ra'ayi, da shawarar ƙungiyoyin lauyoyi biyu, Federalist Society ta masu ra'ayin riƙau da American Constitution Society ta masu sassauci. Su biyun za su fara rubuta abin da suka yarda a kai tare, sannan kowa ya rubuta inda ya bambanta. Mai nazarin tarayya ya fara da sashe na 8 na babi na ɗaya, inda aka jera ikon majalisa, musamman ikon tsara kasuwanci tsakanin jihohi, sannan gyara na 10, na 12, na 14, da na 17 na 1913 wanda ya karɓe zaɓen sanatoci daga majalisun jihohi ya miƙa wa talakawa. Rubutu ne zalla, ba ya cin data sosai, yana buɗewa a waya. Matsalarsa Turancin lauyoyi ne mai kauri, kuma yana ɗauka mai karatu ya riga ya san manyan shari'o'i irin ta McCulloch da jihar Maryland ta 1819, wadda ta tabbatar da halaccin bankin ƙasa ta hana jiha ɗora masa haraji. Malamin da zai yi amfani da shi a aji sai ya fara share fage da waɗannan.

Ga mai zuwa da ƙafarsa, jerin da ya fi dacewa shi ne Independence Hall a zagayen farko na safe, Congress Hall nan take kafin a fita daga shingen tsaro, domin in an fita sai an sake bin layin bincike, sannan wurin gidan shugaban ƙasa, sannan cibiyar bayan azahar. Layin Liberty Bell kan yi tsawo da rana, kuma ana hango ta ta gilashi daga waje in lokaci ya ƙure. Abincin rana ba ya wahala, akwai kekunan abincin halal a titunan tsakiyar birnin, kasuwar Reading Terminal kuma na mahaɗar 12th da Arch, tafiyar kamar minti goma sha biyar daga cibiyar. A Congress Hall, idan jami'i ya buɗe fagen tambaya, a tambaye shi ƙuri'ar banki ta 1791 da wurin zaman Madison, domin ba kullum suke kawo maganar da kansu ba.